Man Ayu a Cikin Injin Jirgi

Ni dai inji bai taɓa durƙusar da ni ba. Wannan magana na faɗe ta a Katsina, na faɗe ta a Fatakwal, na zo Doha na ci gaba da faɗar ta a duk walimar sunan da aka gayyace ni, har mutane suka fara ƙarasa min ita tun ban kai ƙarshe ba. A kamfanin iskar gas ɗin da nake aiki, injinan da ke ƙarƙashin kulawata kowanne ya kai gidan bene tsawo, in ɗaya ya yi tari sai an jiyo shi a Bahrain. Ina tsaye da hular kwano, hannu a aljihu, in karkata kunne in ce, "Ku duba can." Su duba, su tarar. A tsaye nake aikina, a tsaye nake cin nasara.

Abin da ba na haɗawa da kirarin shi ne, ko da inji ya nemi in durƙusa, ba ni da abin durƙusawar. Gwiwoyina sun riga ni yin ritaya. In ina hawa matakala sai ka rantse busasshen kara ake takawa. Ta dama ita ce shugabar 'yan tawaye, ta hagu kuma 'yar amshin shata. Shekaru ke nan a kan kujera nake sallah. A masallacin unguwarmu ta Al Sadd akwai jerin kujerun roba a gefen sahu, nan nake zama tare da dattawan Sudan da na Misira waɗanda wasunsu sun haife ni. Mun zama ƙungiya, ni ne sakataren barkwancinta. Amma duk sanda liman ya yi kabbarar sujada, sahu ya zube ƙasa gaba ɗaya, ni kuma na ɗan sunkuyar da kai a cikin iska, sai in ji kamar sahun ya tafi ya bar ni a baya. Wannan ban taɓa mayar da shi abin dariya ba, ban kuma faɗa wa kowa ba.

Likitana Bahaɗeje ne, ni Bakatsine, don haka zuwana asibiti rabinsa magani ne rabinsa tsiya. Ya ɗaga hoton ƙashin ya daɗe yana kallo.

"Yallaɓai, guringuntsin ya sirance, amma bai ƙare ba. Ka rage wannan randar da ke gabanka, ka riƙa motsa ƙafar, ka riƙa lanƙwasa ta kaɗan-kaɗan. Kujera ta ɗan lokaci ce, ba gadon sarauta ba."

"Lanƙwasa? Kai dai ka ce kana so ka gaji motata."

"Motar Bakatsine? Allah Ya kiyaye. Ai tana nan cike da ɓawon goro."

Na koma gida na gwada lanƙwasawar sau ɗaya, na ga taurari da rana tsaka, daga nan na sallami shawarar. Sai na koma ga maganin yayata. Duk mai zuwa Doha daga gida sai ta ba shi wata 'yar kwalba ya kawo min, wai man ayu ne, daga hannun wani mai magani a tasha. A jikin kwalbar an zana wani abu mai kama da kifi mai gashin baki. Ban taɓa ganin ayu ba, ita ma haka, ina kuma da yaƙinin mai maganin ma bai taɓa gani ba. Ƙanshinsa ƙanshin man gyaɗa ne sak. Amma kullum da safe sai na murza shi a gwiwa, don in ta kira waya in ce mata na shafa ba tare da na yi ƙarya ba.

Ina kuma da jirgin ruwa, daga hannun wani Bature abokin aikina ya fito, lokacin da zai koma ƙasarsu. Irin mai tafiya da iska ne, da doguwar sanda a tsakiya wadda ake ɗaga wa farin ƙyalle. A cikinsa akwai ɗakin kwana, da kicin, da banɗakin da in ka shiga sai ka yanke shawarar ko kai ko ƙofa. Ranar da ya fara fitar da ni, muka bar gaɓa ya kashe inji, iska ta cika ƙyallen, jirgi ya ɗan kishingiɗa ya kama tafiya ba ƙara ba hayaƙi, ni da na girma ina jan guga a rijiya mai gaba ashirin sai na rasa bakin magana. Waɗanda suka san ni za su gaya maka wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Yara sun tafi jami'a, gida ya yi mana faɗi. Sai na kawo wa Hajiya, matata, shawarar mu saki hayar Al Sadd mu tare a jirgi. Ta dube ni kamar na ce mu koma cikin firji.

"Alhaji, kai da ba ka iya ɗaukar carbi in ya faɗi ƙasa?"

Na yi wata guda ina lallashi. Daga ƙarshe ta gindaya sharaɗi, ta kuma faɗe shi a gaban Likita don a samu shaida.

"Sanyi ɗaya na ba ka. In jirgin nan ya kwantar min da kai, ko aka janyo mu da igiya a gaban jama'a kamar akuyar da ta ɓata, halas, magana ta ƙare. Ƙawata ta ga wani gida a Al Wukair, a ƙasa yake, ko tudun ƙofa babu. Can za mu."

Haka muka tare, da tukwanenta da muciyarta da kujerata ta sallah mai naɗewa.

Ban san yadda zan kwatanta wa mutumin tudu wannan zaman ba. Da asuba kiran sallah yana tahowa ta saman ruwa daga masallatai da yawa, wani yana bin wani, kamar teku ce ke miƙo su. Dogayen benayen Doha suna tsaye a can gaɓa, ga kuma wasu irinsu a kife cikin ruwa suna rawa. Ka kwanta ruwa yana ƙwanƙwasa jikin jirgi daidai kunnenka, tsakaninka da shi bai fi kaurin tafin hannu ba. Gidan kuma ba ya tsayawa cik ko na daƙiƙa. Kana shan shayi ƙafafunka suna aiki, kana alwala suna aiki, ka hau 'yar matakalar nan ka sauka sau dubu kafin azahar. Wandona ya fara zamewa. Na ce wa Hajiya tela ne ya cuce ni.

Injin yana ƙarƙashin wannan matakalar. Sai ka ɗage ta sama kamar murfin akwati, ka gan shi a kwance cikin rami, jan abu, bai wuce tunkiya girma ba. Amfaninsa shi ne shiga tashar jiragen ruwa da fita, da kuma ranar da iska ta ƙi. Na raina shi tun ganin farko. Duk da haka ina ba shi haƙƙinsa, amma irin nawa: in kifa bokiti in zauna, in miƙe ƙafar dama, in zaro sandar bakin mai in duba, in latsa fanbel da yatsa, in buɗe matatar ruwa in kwashe ciyawar teku. Duk abin da hannu zai kai daga kan bokiti, na yi shi.

Abu ɗaya ne bokiti bai kai ba. Injin jirgi da ruwan teku yake shan sanyi, akwai kuma ɗan famfon da ke zuƙo masa ruwan, a cikinsa da wata 'yar farfela ta roba mai fukafukai. Baturen ya nuna min ita ranar da zai tafi, ya ba ni sabuwa a leda, ya ce ruwan nan ga zafi ga yashi, yana cin roba, lallai in canja ta kafin sanyi ya shiga. Na leƙa na ga inda famfon yake: can ƙasa, ta bayan inji, wurin da ba a isa sai an durƙusa a kan gwiwa biyu an cusa kai. Na ce masa in sha Allahu. Irin in sha Allahun da ma'aikacin ofis ke yi maka in ba ya son ya sake ganinka.

Sanyi ya kusa ƙarewa, Hajiya ba ta ce komai ba game da hukuncinta. Sai na shirya mata fita ta musamman wata Asabar, don in rufe shari'ar da kyau. Muka nufi kudu, ta wajen Al Wakrah. Iska mai daɗi, ruwa kore shar, Hajiya ta yi dambun shinkafa tana zaune a inuwa har tana 'yar waƙa. Na riƙe sitiyari da yatsa biyu ina ba ta labarin yadda kakannina da sun samu teku da sun ci duniya.

Bayan mun yi azahar iska ta ɗauke ɗif. Ƙyalle ya saki jiki kamar wankin da aka shanya. Ban damu ba, na tada inji muka juya. An sanar cewa da yamma iskar arewa za ta taso, wadda Larabawa ke kira shamal, ita kuwa ba a wasa da ita, gara ta same ka a ɗaure a tasha.

Ba mu yi nisa ba ƙarar gargaɗin zafin inji ta tsage, irin ta jaririn da aka yi wa allura. Na leƙa bayan jirgi inda salansa ke tofar da ruwa. Babu ruwa, sai farin tururi. Na kashe inji, na saki anka, wato ƙarfen da ke riƙe jirgi a ƙasan teku, ta kama a wuri mara zurfi mai ciyawa.

Hajiya ta ɗauki wayarta ta riƙe a cinya. Lambar masu ceto tana liƙe a jikin bango, mu duka muna kallon ta.

"Injiniya," ta ce. Ba ta kirana haka sai in tsiya ta motsa. "In kira, ko za ka karkata kunne ka ce a duba can?"

"Wa zai duba?"

"Abin da nake tambaya ke nan."

Na sauka na ɗage matakala. Zafi ya bugi fuskata kamar na buɗe tanderun gurasa. Na jira ya ɗan huce, na kifa bokitina, na miƙa hannu iya tsawonsa. Yatsuna ko kusa ba su kai ba. Na kwanta ta gefe, tumbi ya ce bai san zancen ba. Na tsaya ina kallon ramin, ina jin yadda za a janyo mu ta gaban masunta da masu shan shayi a bakin gaɓa, da yadda zan ƙare a Al Wukair ina kallon katangar maƙwabci ta taga. Na ja matashin kujera na jefa ƙasa. Na kama ƙarfen matakala da hannu biyu, na yi bisimilla, na fara sauka.

Gwiwar dama ta yi wata ƙara da na tabbata an ji ta a Dubai. Na ga taurarin nan nawa, har da waɗanda ban sani ba. Na jira in mutu. Ban mutu ba. Da idona ya washe sai na ga famfon a gaban hancina, da ƙananan notocinsa suna kallona.

Daga nan ban sake tunawa da ƙafa ba. Na rufe bakin ruwan da ke shigowa daga teku, na kwance murfin, noti ɗaya ya faɗa ƙarƙashin inji na kamo shi da cokalin Hajiya. Tsohuwar farfelar ta fito ba fiffike ko ɗaya, kamar kazar da aka fige. Sai da na cire tiyo na bi gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, don in suka toshe hanya aikin banza na yi. Gumi yana shiga min ido, ina goge shi da kafaɗa.

Sabuwar kuwa ta ƙi shiga. Robar a bushe take, ramin a matse, yatsuna kuma ba su fi gwiwoyina kirki ba. Giris ɗin inji yana lalata irin wannan robar, ba a sa mata shi. Na ɗaga murya na ce Hajiya ta miƙo min wani abu mai santsi. Na ji tana buɗe-buɗe, sai ga hannunta ya sauko ta saman kaina da 'yar kwalbar yayata.

"Ga shi. In bai yi wa ƙafa ba, ko ya yi wa ƙarfe."

Na tsiyaye ragowar man ayun duka a kan farfelar, na murza, na lanƙwasa fukafukan na tura. Ta shige sumul, kamar dama can gidanta ne. Na mayar da murfi, na ɗaure, na buɗe ruwa. Ina shirin cewa ta murɗa makulli sai na ji muryarta daga sama, ƙasa-ƙasa, irin wadda ban taɓa jin ta yi ba.

"Alhaji. Kar ka tada shi. Taho a hankali."

Miƙewa ta gagara, don haka da rarrafe na fito, na ja jiki na hau sama, na isa gefen jirgi a kan gwiwoyina. Ta nuna da haɓa.

Da farko numfashi na ji. Wani dogon huci, kamar na mutumin da ya sauke kaya bayan tafiya mai nisa. Sannan na ga bayan wata halitta ya ɓullo, launin ƙasa-ƙasa, sumul, ya fi saniya girma. Ruwan a kwance yake kamar gilashi, ana ganin komai har ƙasa. Ta sunkuya tana kiwo a cikin ciyawar, a natse, tana barin farar hanya a kan yashi kamar an yi huɗa. A gefenta, manne da haƙarƙarinta, ga ɗanta. Ta sake tasowa dab da mu, hancinta ya buɗe, na ga faffaɗan bakin da gashi tsilli-tsilli, da wani ɗan ƙaramin ido da ya dube ni bai ga abin tsoro ba, bai kuma ga abin burgewa ba.

Masuntan Al Wakrah sun taɓa ba ni labarin saniyar teku, na ɗauka irin labarina ne. Sai da na ga gashin bakin nan na tuna zanen jikin kwalba.

"Hajiya," na ce, "ayu ne."

"Shayarwa take yi," ta ce. "Dubi inda ya sa baki. Subhanallahi."

Ɗan ya kama ta ta ƙarƙashin hannu, ita kuma ta ɗan karkata masa, yadda kowace uwa ke yi. Tun ina yaro nake jin sunan dabbar nan a bakin masu magani, ana sayar da ita a kwalba, ana rantsuwa da ita a lasifika, ban taɓa kawo wa raina cewa tana numfashi ba. Ga ta nan Allah Yana kiwon abarSa a ƙarƙashin ruwan gishiri, nesa da kowa, ga benayen Doha can sun zama ƙanana kamar haƙoran mataji. Da injina bai mutu ba, da mun wuce ta kansu da ƙara ba mu san an yi su ba. Na dubi hannuna mai maiƙo, na roƙi Allah Ya sa man gyaɗa ne.

Ban yi shawara da kowa ba, har da gwiwar. Dama a durƙushe nake, alƙibla kuma tana gabana ta inda rana ta karkata. Sai kawai na ji goshina a kan katakon jirgi. Da ɗumi, da ɗan gishiri, yana motsi a hankali kamar ƙirjin mai barci. Na manta yadda jini ke saukowa fuska, na manta yadda mutum ke jin ƙanƙantarsa in hancinsa ya taɓa ƙasa. Na daɗe a haka. Abin da na faɗa a wurin ba na rubutawa ba ne. Da na ɗago, Hajiya ta juya kai tana gyara mayafi, wai gishiri ne ya shiga idonta.

Ba mu tada inji ba sai da uwar da ɗanta suka yi nisa, don kar farfelar jirgi ta same su. Hajiya ta murɗa makulli. Ya yi tari, ya kama. Muka leƙa baya mu biyu kamar masu jiran sakamakon haihuwa, sai ga ruwa yana fitowa daga salansa, tof, tof, tof. Ban taɓa ganin abin da ya kai wannan tofin kyau ba.

"Yalla, mu tafi," in ji Hajiya, ta karɓi sitiyari, don ni an naɗe min gwiwa da tawul da ƙanƙarar da ta rage a kular zoɓo. La'asar a hanya na yi ta, a ƙasa, a hankali kamar raƙumi mai sauke kaya, ina nishi, amma a ƙasa. Muna shiga bakin tasha shamal ta fara kaɗa igiyoyin jiragen da ke ɗaure suna ƙara.

Da muka ɗaure namu, bakina ya dawo. Na fara tsara yadda zan ba Likita labarin: igiyar ruwa kamar dutsen Dala, inji yana aman wuta, ni kaɗai da cokali ɗaya. Hajiya ta shiga ciki, ta fito da kujerata mai naɗewa a hammata, ta sauka ta jingine ta a jikin turken da ke kan gadar katako, inda ake ajiye kayan da mai so zai ɗauka.

"Hajiya, wannan fa? Kujerar ce ta fara yin gaba zuwa Al Wukair?"

"Jirgi ya zauna," ta ce. "Ita ce za ta tafi."

Daɗi ya kama ni, na buɗe hannuwa na ce ai dama na gaya mata, ni inji bai taɓa...

Ta ɗaga min hannu.

"Alhaji, rufa mana asiri. Shekara da shekaru Ubangijinka Yana kiranka sau biyar a rana kana amsawa daga kan kujera. Yau ɗan inji kamar tunkiya ya yi kuka sau ɗaya, sai ga ka a ƙasa kan gwiwa biyu."